Baba Tsoho da jirgin kwal na cikin kwamfutata

Na daɗe ina so in rubuta wannan abin sai yau Allah yayi, dan tun ranar da ya faru yake ta min yawo a rai. Duk wanda ya sanni ya san ni ba mutumin gem ɗin ƙwallo bane ko na harbe-harbe, abin da nake zama a kai in na rufe shago na dawo gida da daddare shi ne wasan tuƙa jirgin ƙasa a kwamfuta, kuma ba jiragen zamanin nan masu gudu kamar iska ba, tsofaffin nan dai masu cin kwal suna fesar da tururi, da na gas na farko-farko waɗanda suka zo suka gaje su. A Makera ta Kaduna na tashi, gidanmu ba shi da nisa da dogo, kuma kakana na wajen uwa wanda duk muke kira Baba Tsoho a reluwe yayi aikinsa har yayi ritaya. Fayaman ya fara, wato mai zuba wa inji kwal, daga baya da injinan gas suka yi yawa aka mayar da shi can har ya zama direba. To kaga abin a jini yake.

Ga wanda bai san harkar ba, waɗannan wasannin ba tsere ake yi a cikinsu ba, babu wanda zaka wuce babu wanda zaka harba. Layin dogo na gaske ake ɗaukowa a gina shi a kwamfuta yadda yake a wata shekara, da tashoshinsa da gadojinsa da siginoninsa da hawa da gangara, a baka inji a ce ka kai fasinja ko kaya akan lokaci ba tare da ka karya doka ba. Wanda ya buɗe wa mutane da yawa ido shi ne Microsoft Train Simulator da ya fito a 2001, a shekarar ne kuma wani kamfani a Ostireliya ya fito da Trainz. Daga baya aka samu wanda yanzu ake kira Train Simulator Classic, da Train Sim World da ya fara a 2017, duka biyun na kamfanin Dovetail Games ne a Ingila. Ni da Open Rails na fara saboda kyauta ne, masu sha'awar abin ne suka haɗu suka rubuta shi, yana karanta layukan tsohon na Microsoft ɗin, kuma baya wahalar da ƙaramar kwamfuta. Wani abokina ne ya bani tsohon faifan na Microsoft ɗin. Sauran kam sai ka shirya, dan kowane layi daban ake sayar da shi da dala, ga cin data, ni sai lokacin da suka yi ragi nake sayen ɗaya in zauna a kansa wata da watanni.

Layin da yafi kama ni shi ne na Settle zuwa Carlisle a arewacin Ingila, wanda aka buɗe wa fasinja a 1876. Cikin duwatsu yake ratsawa, akwai wata doguwar gada Ribblehead mai baka 24, kana sauka daga kanta ba jimawa ka shiga ramin da aka fasa cikin dutse a Blea Moor, kuma tun daga Settle hawa kake yi ba hutu, duk tafiyar mita 100 ka hau mita 1, haka har wajen mil 15. A takarda kamar ba komai, amma ka ɗauro taragu a bayanka ka gani. Injin da ake baka shi ne Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, shi ne kuma aka fara tabbatar wa a hukumance ya taɓa gudun mil 100 a awa a 1934. A wasan zaka iya barin kwamfuta ta riƙe maka wuta da ruwa kai kayi tuƙi kawai, ko ka kashe wannan ka riƙe komai da kanka. Ni na kashe, kuma sati biyu ina maƙalewa a tsakiyar hawan nan, tururi ya ƙare inji ya tsaya cak.

Ranar wata Asabar Baba Tsoho yazo gidanmu duba Umma da bata ji daɗi ba, bayan la'asar yana zaune a tabarma a tsakar gida ni kuma ina ɗaki na ƙure sauti, sai naji yace, kai wane ne yake wahalar da inji haka. Wallahi ko allon bai gani ba, kunne kawai. Na fito da kwamfutar na ajiye masa akan kujera 'yar tsugunno, ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo baice komai ba, sannan ya sa yatsa akan allon yana nunawa ɗaya bayan ɗaya, wannan regileta ce, wannan gilashin ruwa, wannan gejin tukunya, wannan na birki, ina bulowa. Mutumin da wayarsa ma sai an duba masa lamba.

Yace koma farko ka tashi ina gani. Na tashi yadda na saba, na buɗe regileta, wato maƙurar da ke sakar wa inji tururi, sosai, ƙafafun suka kama juyawa a waje ɗaya. Yace rufe, rufe maza, haka zaka yaga wutarka, zuba yashi ka buɗe kaɗan-kaɗan, kuma wa yace maka ana tashi ba a buɗe famfunan silinda ba, ruwan da ya kwanta a ciki in fistin ya matse shi ai sai ya fasa murfin, ruwa baya matsuwa. Duk wannan na karanta a wani wuri amma ban taɓa jin dalilin ya zauna min ba sai a bakinsa.

Babban kuskurena ashe rivasa ce. Ni na ɗauka aikinta kawai gaba da baya, sai na barta can ƙarshe tun daga tashi har inda na mutu. Yace ita ce ke yanke tururin da ke shiga silinda, wajen tashi kana barinta a buɗe sosai dan kana neman ƙarfi, amma da jirgi ya ɗauki hanya sai ka riƙa janyo ta baya sannu a hankali, tururi kaɗan ya shiga ya kumbura da kansa ya ƙarasa tura fistin ɗin. A wasan lamba ce ake nunawa, ka tashi da kamar 75 cikin 100 ka dawo wajen 25 ko ƙasa da haka in hanya ta miƙe. Shi bai damu da lambar ba, sautin yake saurare, yace in inji yana haushi da ƙarfi kamar zai tsage to kana zubar da gumin fayaman ne a banza, kuma a zamaninsu direban da ke haka babu fayaman da ke son a haɗa shi da shi.

Sai maganar wuta, nan ne ya gyara zama sosai dan nan ne gidansa. Ni in naga allurar gejin tukunya tana sauka sai in ta antaya kwal, ashe kashe wutar nake ƙara yi. Yace kwal kaɗan-kaɗan ake zubawa akai-akai, a watsa shi ko'ina, kusurwoyin baya kar a manta su, kada ka bar rami inda iska mai sanyi zata shigo kada kuma ka tara tudu. Ka zuba shebur biyar ko shida ka rufe ƙofa ka kalli bututu, in hayaƙi yayi baƙi ƙirin to kwal ɗin bai ƙone ba iska ta yi kaɗan, in yayi toka-toka to daidai kake. Kuma ba a gina wuta a kan tudu, tun kana ƙasa kake shirya ta, kafin hawa ya zo ta riga ta yi fari. Haka ruwa, injekta tana amfani da tururin tukunyar ne ta tura ruwa ciki, ruwan kuma yafi na ciki sanyi, to duk lokacin da ka kunna ta allura zata ɗan sauka, shi yasa ake neman lokacin da ya dace, misali in tururi ya cika har bawul ɗin sama na shirin tashi, maimakon ya tafi iska a banza sai ka sha ruwa da shi.

Akwai abin da ya faɗa wanda har muryarsa ta canza. Yace gilashin ruwa yana yi wa mutum ƙarya a kan hawa. In inji ya ɗaga kai ruwan yana taruwa a baya wajen gilashin sai kaga kamar a cike yake, kana kaiwa ƙololuwa ka fara gangara ka taka birki duk ruwan ya gudu gaba, rufin akwatin wuta ya zauna ba ruwa a kansa wuta kuma tana cinsa daga ƙasa. Akwai wata toshiya mai darma da ake sawa a wajen, in zafi yayi yawa ta narke tururi ya feso cikin wutar ya sanar da ku, amma fayaman da ya bari ta narke ya gama jin kunya a loko, wato inda ake ajiye injina ana shirya su, in kuma abin ya wuce nan to rayuka ake magana. A wasan ma in ta narke an tashi kenan, sai ka sake daga farko. Da muka doshi ramin Blea Moor kuwa kafin in ce komai yace rufe ƙofar wuta ka buɗe bulowa, wato abin da ke zuƙe wuta da hayaƙi zuwa bututu, dan in ka shiga rami iska na iya danno wutar ta dawo cikin ɗakin direba. Shima wannan suna da shi a wasan. Ranar dai na haye tudun nan karon farko, shi yana bada umarni ni ina danna maɓalli, har Umma ta fito ta zauna tana kallonmu.

Da na tambaye shi ko abin yayi kama da gaske, yace waɗanda suka yi shi sun san inji, ba shakka sun zauna da masu aikin. Amma yace babu zafi. Yace ka tsaya gaban wutar nan a watan Afrilu tsakanin Zariya da Kano, ƙasan da kake tsaye yana rawa, tankin kwal yana wani motsi daban injin yana wani daban kai kuma ƙafa ɗaya nan ɗaya can kana juyawa da shebur, garin kwal a ido a haƙori, rigarka ta jiƙe ta bushe ta jiƙe har gishiri ya fito mata. Kwal ɗin Inugu suke ƙonawa, yace yana kamawa da wuri amma yana cinyewa da wuri ga toka, dole hannunka baya hutawa. Kwal ɗin nan dama shi ya sa aka ja layi daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, kuma masu haƙo shi ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 daga cikinsu a Iva Valley a 1949 lokacin da suke neman haƙƙinsu. Wannan ɓangaren babu wasan da zai saka maka shi a jiki, kuma tun ranar in na danna maɓallin zuba kwal sai na tuna mutum ne yake yi da ƙashin bayansa.

Na nuna masa na gas ma, wani layi na Amurka mai suna Sand Patch inda ake jan dogayen taragun kaya a kan duwatsu. Mutane da yawa sun ɗauka injin gas kamar babbar mota yake da giya, alhali yawancinsu janareto ne a kan ƙafafu, injin yana juya janareto wutar kuma ta tafi ga motocin lantarki, wato ƙananan injinan da ke juya ƙafafu, da ke jikin gatarin ƙafafun. Maƙurar tana da mataki 8, kana kallon allurar wuta kar ka ƙona motocin. Wahalar a nan birki ce, dan a dogon jirgi in ka taka sai iska ta bi bututu tarago bayan tarago kafin na ƙarshe ya ji, in ka saki ma haka, to dole tunaninka ya riga jirgin da kusan minti guda. Baba Tsoho yace ranar da aka fara sa shi a injin gas ya koma gida da farar riga kakarmu ta ɗauka bai je aiki ba. Yace sauƙi kam an samu, babu tsayawa shan ruwa a hanya, babu zuwa loko tun tsakar dare a hura wuta, amma shi har ya bar aiki bai daina kewar na kwal ba dan shi wannan kana jin numfashinsa.

Abin da ya tsaya min a wuya daban ne. A Train Sim World akwai layin Liverpool zuwa Crewe da aka gina yadda yake a 1958, akwai kuma na Peak Forest na farkon shekarun 1960, kuma shi wannan na biyun wani babban yanki nasa an rufe shi tun 1968, an cire dogon, yanzu hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke ce. Amma ka shiga wasan ga tashoshin nan a tsaye, ga ɗakunan sigina, ga taragun dutsen farar ƙasa, saboda mutanen sun ajiye taswira da hotuna da jadawalin tafiyar jirage har da zanen kowane inji. Ingila ta daina amfani da injin kwal a manyan layukanta a watan Agustan 1968 amma yaron da aka haifa jiya zai iya zama ya tuƙa shi. Mu fa? Na bincika iya bincikena ban ci karo da layin Kaduna zuwa Kano ba a ko ɗaya daga cikin wasannin nan, na Indiya na gani, na Japan, na Afirka ta Kudu, namu shiru.

Kuma ba wai bamu da abin nunawa bane. Garin nan namu ma ai dogo ne ya raine shi. Layin Baro zuwa Kano da aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, kafin Turawa su taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru su dawo Kaduna a 1917, sannan layin gabas ya taso ta Kafanchan ya haɗe a nan, shi yasa ake ce wa tashar Kaduna Junction. Daga Zariya wani reshe ya tafi Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, daga Kano aka kai Nguru a 1930, na Maiduguri aka gama a 1964. Dalar gyaɗar Kano da muke gani a hoto jirgi take jira ya kwashe ta zuwa Legas, tafiyar sama da kilomita 1,100. Ga auduga, ga fatu, ga shanu, ga kuza daga Jos. Akwai ma wani ɗan siririn layi da ya taɓa tashi daga Zariya zuwa Jos, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal, an yi shi ne saboda kuza aka rufe shi a 1957, yau ka tambayi matasa goma a Zariya da wuya ka samu ɗaya da ya taɓa jin labarinsa. Wannan ai shi ne irin layin da ya kamata a ce an tayar a kwamfuta. Hatta injinan, Baba Tsoho ya bani labarin waɗanda ake sa wa sunayen koguna, da na duba sai naga wasunsu a Vulcan Foundry aka ƙera su a 1948, masana'antar da ta ƙera injina da yawa da nake tuƙawa a layukan Ingila. Uwa ɗaya uba ɗaya, nasu an san lambar kowanne, namu sai a kan tsofaffi.

Na san yanzu muna da sabon jirgin Abuja da ke tashi daga Rigasa tun 2016, na hau shi kuma naji daɗinsa, amma wannan faffaɗan layi ne na zamani, daban yake da tsohon namu mai ƙafa 3 da inci 6 wanda ya bi ta tsakiyar gari. Ka je Bakin Dogo ka ga yadda kasuwa ta zauna a gefensa, ka leƙa wajen tashar ka ga tsofaffin taragu ciyawa ta fito ta cikinsu. Raina yana ɓaci in na gani, kuma abin da yafi damuna shi ne mutanen da suka san yadda wajen yake a da suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikin Baba Tsoho da suke zuwa gaishe shi da sallah ina yaro, yanzu saura biyu.

Shi yasa na sayi Trainz, dan yana da wajen gina layi da kanka da suke kira Surveyor, na fara daga Kaduna Junction ina so in kai Zariya, wajen kilomita 80. Ba ƙaramin aiki bane kuma ban ƙware ba, wata biyu kenan ban wuce gadar kogin Kaduna ba. Ina duba hoton tauraron ɗan adam in bi sawun dogon, ranar Lahadi in hau mashin in je in gani da idona in ɗauki hoto inda aka bani izini. Dogo da taragu ina aro na Queensland ta Ostireliya da na Afirka ta Kudu dan faɗin layinmu ɗaya da su. Inda nake shan wuya shi ne itatuwa da ƙasa, duk abin da ke ciki koren Turai ne, ni kuma jar ƙasa nake nema da mangwaro da ɗorawa da giginya da darbejiya, da hazon hunturu da ke sa sigina ta ɓace maka sai ka zo dab da ita. In akwai wanda ya iya zanen abubuwa masu siffa a kwamfuta a cikin masu karanta wannan, ko wanda ke da tsohon hoton tashar Kaduna ko Rigachikun ko Zariya a akwatin kakansa, dan Allah ya taimaka min ko a waya ya ɗauka ya turo.

Makon jiya na kai wa Baba Tsoho abin da na gina ya gani. Ya kalla yace layukan yadin sun yi kaɗan, kuma na sa famfon shan ruwan inji a inda ba nan yake ba. Ya sa aka kawo masa takarda da biro ya zana min yadin gaba ɗaya daga kansa, inda ake juya inji, inda ake zubar da toka, inda ake loda kwal, da inda ma'aikacin tasha ke tsayawa ya miƙa wa direba sandar izinin shiga layi, dan layi ɗaya ne, in babu sandar nan a hannunka baka isa ka wuce ba ko waye kai. Na kunna rikoda a waya yayi magana sama da awa ɗaya har aka kira magariba. Da zan tafi yace in Allah ya kaimu Asabar in zo da wuri in samo mota, zai raka ni Rigachikun ya nuna min inda hawan yake farawa, dan yace a hoton sama ba zan taɓa ganinsa ba.